Fentin jitar lantarki ya lalace: a cike gurbin ko a sake shi gaba ɗaya?

Jita ta zame daga jikin bango, gefenta ya daki siminti, fenti ya ɓantare kamar girman ƙwayar gyaɗa har katako ya leƙo. Ko kuwa kan belet ya ci bayanta, ko an buɗe akwati an tarar fuskarta ta tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara. Abin da ke fara zuwa ran mai ita shi ne ya kai wa mai fentin mota, a kankare a sake fesawa. Ni kuwa can ƙarshe nake ajiye wannan matakin, domin shi kaɗai ne ba a iya warwarewa bayan an yi shi. Akwai hanyoyi masu sauƙi kafin a kai gare shi, kuma ba za ka san wadda ta dace da kai ba sai ka san irin fentin da ke jikin jitar.

Fentin jita gida biyu ne manya. Na farko shi ne naitiro, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi da sunan Duco a farkon shekarun 1920 saboda fentin motoci. Da shi kamfanonin ƙera jita na Gibson da Fender suka yi ta rufe jitarsu a shekarun 1950, har ma launukan Fender na musamman daga na motocin wancan zamani aka ɗauko su. Naitiro bushewa kawai yake yi: tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ta tashi ta bar shi a jikin katako. Duk ranar da tina ta sake taɓa shi, ko bayan shekara 50 ne, zai narke. Gida na biyu shi ne foli, wato foliyesta da foliyuretan. Wannan ƙanƙarewa yake yi ta hanyar haɗuwar sinadarai, kamar siminti da ya sha ruwa ya kama, kuma ba ya sake komawa ruwa har abada. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, zuwa wajen 1968 aka koma amfani da foli a akasarin kayansa. Gibson kuwa har yau naitiro yake fesa wa waɗanda yake ƙerawa a Amurka. Jitar Squier da Epiphone da Ibanez da Yamaha da Cort galibi foli ce. Saboda haka jitar gwanjo da ke hannun makaɗan coci a Jos ko Kaduna, ko ta masu kiɗan biki a Agadez, mafi yawanci foli ce, ko da mai sayarwa ya rantse da wani abu daban.

Kada ka dogara da ido, gwadawa za ka yi. Kwance farantin robar da ke gaban jitar, ko murfin ramin wayoyi da ke baya, ka sami wurin da ba a gani. Jiƙa tsinken auduga da asiton, irin wanda ke cikin man goge jan farce, ka ɗora 'yan daƙiƙu. In wurin ya yi laushi, ya yi danƙo, ko launi ya biyo auduga, fentin mai narkewa ne, naitiro ko ɗan'uwansa akirilik. In bai ko motsa ba, foli ne. Yadda raunin ya fita ma yana ba da labari. Naitiro siriri ne, bai cika wuce kaurin takarda biyu ba, yana sudewa a hankali inda hannu ke yawan shafa. Foli yana da kauri ninkin haka sau da yawa, in ya fashe sai ya ɓalle kamar ɓawon ƙwai, ya bar rami mai baki tsaye.

Wani abin dubawa kafin a taɓa komai: tsagar a fenti ta tsaya ko ta shiga katako? 'Yan siraran tsagu da ke fitowa a kusurwar ramin da wuya ke zama, a jitar da aka ɗaure wuyanta da kusoshi huɗu, yawanci a fenti kawai suke, kuma sukan shekara ba su ƙaru ba. Amma in ka ɗan matsa wuyan ka ga tsagar tana buɗe baki, wannan aikin gam ne da matsewa. Sai katako ya haɗu sannan a yi zancen kwalliya.

Zaɓin farko, wanda mutane ba sa ɗaukarsa zaɓi, shi ne a wanke a bari. Da yawa daga abin da ake kira lalacewa dauɗa ce, gumi da ƙura da maiƙon hannu suka taru. Tsumma mai laushi da ɗan nafta, wato man laita, yana ɗauke su ba tare da ya taɓa naitiro ko foli ba. Ƙananan kwarzanen da farce ba ya maƙalewa a cikinsu suna fita da man goge fentin mota mai laushi. Sharaɗin shi ne kada man ya ƙunshi silikon. Irin feshin da ake yi wa gaban mota ya yi ƙyalli, shi ne babban abokin gabar duk gyaran da zai zo daga baya: yana shiga cikin tsagu, ranar da aka fesa sabon fenti sai ya ƙi kwanciya, ya yi ta ramuka kamar idon kifi.

Tsattsagewar tsohon naitiro kuwa, ina roƙonka ka ƙyale ta. Canjin zafi da sanyi na farat ɗaya ke kawo ta, katako da fenti ba sa miƙewa tare, sai fentin ya dare. Ba ta hana sauti, ba ta cin katako. A kasuwar tsofaffin jita ma shaida ce ta asali, har ta kai tun 1995 Fender yake sayar da sababbi da aka tsofar da su da gangan, da tsagu da sudewa, a farashi mai tsada. Ana iya narkar da tsagun da wata tina mai jinkirin bushewa su sake haɗewa, amma in dauɗa ta riga ta zauna a ciki sai a kulle ta a ƙarƙashin sheƙi, kuma sau da yawa tsagun sukan dawo. Inda wannan narkarwa take da amfani na gaske shi ne farin hazon da laima ke bari a cikin naitiro: ɗan feshi kaɗan na irin wannan tinar yana buɗe fentin, ruwan ya fice.

Sai kuma ɓantarewa, inda ainihin zaɓin yake. Hanya biyu ce ta cike gurbi, ɗigon naitiro da ɗigon sufa gulu, kuma kowanne da gidansa.

Ɗigon naitiro a kan naitiro shi ne gyaran da ya fi kowane kyau in an yi haƙuri. Za ka zuba kaɗan a murfin kwalba ka bar shi a buɗe har ya yi kauri kamar zuma, ka ɗiba da tsinken sakace ka ɗiga a cikin ramin. Tinar da ke cikinsa tana narkar da bakin tsohon fentin, sabo da tsoho su zama jiki ɗaya, babu iyaka a tsakaninsu. Wannan ne fifikonsa, kuma babu wani abin cikewa da ke yin haka. Matsalarsa lokaci. Mafi yawan abin da ka ɗiga tina ce, in ta tashi sai ɗigon ya faɗa, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, har ya ɗan ɗara saman fentin. Daga nan ka bar shi aƙalla mako biyu, in da hali uku ko huɗu. Wanda ya yi gaggawa ya goge a kwana uku zai ga aikin ya yi sumul, bayan wata guda kuma ya tarar da ɗan kwari a wurin, domin fentin bai gama shanyewa ba.

Sufa gulu akasin haka ne. Ba ya faɗawa sosai, yana yin tauri cikin sa'o'i, yana fita garau kamar gilashi, kuma taurinsa ya yi kusa da na foli, don haka samfefa tana cinsu daidai wa daida. Ana samunsa a kowane shago. A kan foli babu abin da ya fi shi, tun da naitiro ba zai narke ya shiga foli ba, sai dai ya zauna a ciki yana shanyewa. Amma ka san da wannan tun yanzu: foli ba ya narkewa, saboda haka in ka karkata jitar a haske za ka ga siririn zobe a gefen gyaran. Daga nisan taku biyu ba a gani, mai jitar dai zai riƙa gani. Ka zuba shi siriri-siriri, sau uku ko huɗu, kowanne ya bushe kafin na gaba. In ka tula da yawa, ko ka hura masa iska da baki, ko wurin da laima, sai ya yi fari, kuma farin a ciki yake, ba ya gogewa. Dabarar masu gyaran takalmi da robobi ta barbaɗa masa hoda ko toka don ya kama da wuri ba ta da wuri a nan.

Shin ana sa sufa gulu a kan naitiro? Wasu masu gyara suna yi, musamman a bayan wuya inda ake son aiki ya ƙare da wuri. A fuskar jita mai daraja ba na ba da wannan shawara. Gam ɗin ya fi naitiro tauri, garin daidaita shi sai samfefa ta cinye fentin da ke kewaye, kuma da shekaru naitiro yana ci gaba da shanyewa yana canza launi, shi kuwa gam yana nan yadda yake, sai ya fito kamar tsibiri. Sannan in wata rana aka so cirewa, asiton da ke narkar da gam shi ne ke narkar da fentin.

Daidaitawar iri ɗaya ce ga duka biyun. Ɗauki sabuwar reza, ka goga bakinta sau ɗaya a jikin ƙarfe don ta ɗan lanƙwasa, ka naɗe gefenta biyu da salatif ka bar tsakiya a buɗe. Salatif ɗin yana hawa kan lafiyayyen fenti, tsakiyar tana kankare tudun kawai. In tudu ya kusa ƙarewa, sai samfefar ruwa mai lamba 800, sai 1000, 1500, 2000, a naɗe a ɗan katako ko roba mai faɗi, ba da yatsa tsirara ba, don yatsa rami yake yi. Daga nan man gogewa. A bakin jita da kusurwoyi fenti ya fi siranta, a nan ne ake garin neman gira a rasa ido: shafa biyu ta wuce ƙa'ida, katako ya fito inda da lafiya lau yake.

Launi shi ne wurin da ƙaramin gyara ke cin nasara ko ya faɗi. In ɓantarewar ta tsaya a ruwan sheƙin sama, launi yana nan a ƙasa, ka huta. In ta kai katako, sai ka fara sa launi a gindin ramin, ya bushe, sannan ka cike da mai haske. Jan farce na mata yana taimakawa ƙwarai, domin asalinsa shi ma naitiro ne, kuma launukansa ba iyaka. Sai dai yana da laushi, don haka a gindi yake zama, ba a sama ba. Baƙi ya fi sauƙin dacewa, amma ka guji alƙalamin maka, tawadarsa takan koma shuni-shuni a ƙarƙashin gam. Fari yana da wuya fiye da yadda ake zato, don babu tsohuwar jitar da ta rage fara sol. Ruwan naitiro na sama yana komawa rawaya da shekaru, shi ya sa tsohon farin Fender yake zama ruwan madara, shuɗinsa kuma ya karkata zuwa kore. Launin da za ka nema shi ne wanda jitar take da shi yau, ba wanda ta fito da shi daga masana'anta ba. Mai ƙyalƙyali irin na mota kuwa, ko wanda ya fara da rawaya a tsakiya ya duhunta zuwa gefe, ba a iya ɓoye gyaransa da tsinke. A irin wannan, ka rufe katakon kada gumi ya shiga, ka daidaita wurin don kada ya ƙara ɓallewa, ka yarda da tabon.

In katakon ne ya lotsa ba tare da ya yanke ba, jiƙaƙƙen tsumma da ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo sukan ɗaga shi, tururi yana kumbura zaren katakon. Wannan yana aiki ne inda katako ya fito fili. A kan naitiro zafi yana kawo hazo ko ƙuraje.

Akwai mataki na tsakiya, wato a ɗan goge fuskar a fesa sabon ruwan sheƙi a kan tsohon. A kan naitiro yana kamawa da kyau, amma masu sayen tsofaffin jita suna ɗaukarsa kusan kamar sake fenti. In kuma wani ya taɓa shafa wa jitar fentin mai, tinar naitiro za ta yamutsa shi ya tattare. Ban cika ganin inda ya fi sauran hanyoyin ba.

To yaushe ne sake fenti gaba ɗaya ya zama daidai? In fentin yana ɓaɓɓakowa falle-falle, in ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, in roba ta narke ta manne a faɗin baya, ko in wani ya riga ya kankare na asali ya fesa na gwangwani. A nan babu abin da ya rage da za a kare. Amma in jitar tsohuwar Fender ce ko Gibson da fentinta na asali, ko ya sude har rabi, kada ka yi. Masu wannan kasuwa suna zabge kusan rabin farashi a kan wadda aka sake wa fenti, komai kyan aikin. Jita mai araha ba ta da wannan asarar, tata matsalar daban ce: kuɗin kaya da na aiki suna iya kusantar kuɗin wata jitar, kuma ba ka san abin da ke ƙarƙashin launin ba. Mutane da yawa suna kankarewa da niyyar barin katako tsirara su shafa mai, sai su tarar da guntaye huɗu ko biyar da aka haɗa da gam, ko filawud, ko fila a wurare. Masana'anta ba ta ɓoye kyakkyawan katako a ƙarƙashin fenti mai duhu.

Cire naitiro ba wuya, tina ko asiton da tsumma sun isa. Cire foli wahala ce, sai bindigar zafi da abin kankara, ga hayaƙi, ga haɗarin ƙona katako. Shi ya sa in jitar foli ce kuma canza launi kawai kake so, kada ka cire: cike ramukan, goge fuskar da samfefa mai lamba 320 ko 400 har sheƙin ya mutu, ka fesa a kai. Tsohon folin shi ne mafi kyan shimfiɗa da za ka samu. In kuwa an kai ga katako, a duba irinsa. Mahogani da ash suna da buɗaɗɗun ƙofofi, dole a cike su kafin fenti, in ba haka ba fuskar za ta yi ta ɗigo-ɗigon ramuka. Alda ba ya bukatar wannan.

Saura zaɓin abin da za a fesa. Naitiro, irin wanda kafintoci ke fesa wa kujeru da gadaje, yana yafe kuskure: in ya zubo ko ƙura ta faɗa, a goge a ƙara, sabon ya narke cikin tsohon. Ruwan sheƙi kamar hawa takwas zuwa goma sha biyu siri-siri, kada ya wuce uku a rana, sannan a rataye gangar jikin wata guda kafin gogewar ƙarshe. Duka aikin zai ci mako shida ko fiye. Yana kama wuta da sauri ƙwarai, kuma takunkumin ƙyalle ba ya tare tururinsa, sai mai matatar gawayi. Bayan an gama ma sai an lallaɓa shi: robar wasu matsayan jita, turare, da maganin sauro na shafawa duk suna cinsa. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin ƙanƙarewa, yana yin tauri cikin kwana ɗaya ko biyu, yana jure gumi da rana da hawa bayan babur. Sai dai sinadarin nan guba ne ga huhu, ba aikin tsakar gida ba ne, kuma duk rauni na gaba sai dai sufa gulu. Ga jitar da ke fita aiki kowane mako, daga biki zuwa biki, wannan na fi zaɓa. Zancen cewa naitiro yana barin katako ya numfasa sauti ya ƙaru, a jitar lantarki mai curarren jiki ban ɗauke shi dalilin kashe kuɗi ba. Tsirkiya da maganaɗisun ɗaukar sauti da amfilifaya sun fi fenti tasiri nesa ba kusa ba.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Da damina laima tana shiga naitiro tun yana jiƙe ya yi fari. Da bazara zafi yana busar da feshin tun kafin ya sauka, fuskar ta yi kaushi kamar ɓawon lemo, sai a yi aikin da sassafe a kuma nemi tina mai jinkiri. Hunturu ya fi dacewa ta fuskar bushewar iska, amma ƙura sai an yi da gaske: rufaffen ɗaki mai mafitar iska, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a rataye gangar jikin a tsaye maimakon a kwantar da ita.

In ka yanke shawarar kai wa mai fentin mota, kwance komai da hannunka tukuna, wuya da gadar da ke riƙe tsirkiya da wayoyi, ka ɗauki hoton yadda aka haɗa su. Rufe ramin wuya da tef, domin kaurin fenti a can yana canza zaman wuyan, tsirkiya ta tashi ko ta kwanta. Toshe ramukan kusoshi, saboda ruwan samfefa in ya shiga yana kumbura katako ya fasa sabon fentin daga ƙasa. Ka ce masa: maigida, wannan katako ne, ban da garanda, ban da tula bodi fila, ban da shanyawa a rana ko sa shi ɗakin gashi. Ka roƙe shi ya fara gwada launin a kan wani guntun katako, ka ɗauka ka fita da shi waje ka duba da hasken rana kafin ya taɓa jitar.